Ungulaye Uku a Rumbun Albasa

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal ke ratsa gonaki da ruwan Tiga rani da damina. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, domin 'ya'yansa suna nan suna zuwa makaranta tare da naku, kuma ba su suka aikata ba. Sauran sunayen da za ku ji ma na aro ne.

Sana'arsa feshi. Da hantsi zai goya tankinsa ya shiga gonar tumatir ko ta albasa, ya fesa maganin ƙwari, a sallame shi ya wuce ta gaba. Yana da 'yar gonarsa shi ma, da rumbun albasa na kara a ƙarshenta, daf da wata gonar rake mai duhu. Ba mai dukiya ba ne, amma tukunyar gidansa ba ta taɓa wuni a kife ba. Yana da mata, Hajara, da yara uku, da tsohon mahaifinsa, Malam Sammani.

Shi Malam Sammani shekara talatin ya yi yana buɗe ƙofar ruwa yana rufewa. Babu kwanar kanal ɗin da ƙafarsa ba ta sani ba. Da tsufa ya kama shi, sai hankalinsa ya fara zuwa yana ɗaukewa, kamar ruwan da ake ba gonaki bi da bi. Yau ya gane kowa, gobe ya tambayi Hajara 'yar gidan wa ce. Abu ɗaya ne bai taɓa ɓace masa ba, shi ne rimin da ke bayan gidansu da ungulayen da ke kwana a kansa. Baƙin rimi yake ce musu. Kullum bayan la'asar sai an shimfiɗa masa tabarma ya zauna yana kallon saukarsu, ɗaya bayan ɗaya, har reshe ya lanƙwasa.

Yakan ce wa ɗansa, "Kai, ka riƙa gaishe su. Su suka nuna mini kai."

Ba maganar ruɗewar tsufa ba ce. Mutanen wannan yanki sun gaji wata dabara daga iyaye. In dabba ta ɓace, ko mutum ya faɗi a cikin amfanin gona mai tsawo, sama ake fara dubawa kafin ƙasa, domin ungulu ba ta jewar banza. Lokacin da mutumin nan yake ɗan shekara biyar ya kutsa cikin dawa, rana ta buge shi ya suma. Gari duka ya fita nema har aka gaji. Malam Sammani ya hau tudun kanal ya ɗaga kai, ya hango ungulaye suna kewaya wuri guda. Ya bi inuwarsu da gudu, ya ɗauko ɗansa da sauran numfashi.

Wannan yaron ne ya girma ya zama mai feshi.

Wata rana ya kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan, sai wani dillali da ake kira Ɗanbaba ya ja shi bayan wata babbar mota da ake lodi. Ya daki tankin feshin da ke ɗaure a kan babur ɗinsa, ya ce, "Mutumina, kana goye da arziki kana ƙarar da shi a kan tsutsa."

Ya yi masa bayani. Ya ce an gaya masa ƙauyensu akwai ungulu kamar kaji.

Mai feshi ya ce, "Wa zai ci ungulu?"

"Wa ya ce maka ci ake yi? Kan ake so. Akwai masu saye can kudu har ƙetare, masu haɗa wa mutane asirin sa'a da na ganin gobe. Kai dai naka kawowa."

"Ai na ji a rediyo an ce gwamnati ta hana."

Ɗanbaba ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gwamnatin da ba ta gama ƙirga mutane ba, ita za ta zauna ƙirga ungulu?"

Ya faɗa masa abin da ake biya a kan kai guda. Mai feshi ya hau babur ɗinsa ya tafi. Amma a hanyarsa ta komawa gida, da ya hango rimin bayan gidansu, ya tsayar da babur ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da manomi ke yi wa gonar da ta isa girbi.

Ya 'yan uwa, ku lura da ranar da ya zaɓa. Ya san babu lokacin da gonaki ke zama babu kowa kamar Juma'a da tsakar rana. Injinan ban-ruwa duk a kashe, masu tsinkar tumatir sun tafi wanka, hanya fayau. Ya samu mushen jaki da aka yar a bayan gari, ya ja shi cikin wani fili, ya farke cikinsa ya barbaɗe shi da maganin ƙwari mafi ƙarfi da yake da shi. Sannan ya koma ƙarƙashin wata tsamiya ya zauna. Daga nesa yana jiyo muryar liman a lasifika, iska na kawo ta tana mayarwa.

Ɗaya ce ta fara zuwa. Ta yi jewa, ta yi jewa, ta sauka. Kafin liman ya sauko daga mumbari sun cika filin.

Daga baya, da bakinsa ya faɗa wa alƙali cewa abin da ya hana shi sukuni shi ne ba su yi kuka ba. Da sun yi ihu kamar kaza a hannun mahauci, da ya ji sauƙi. Sai dai kowace ta ja da baya daga mushen, ta yi taku biyu uku tana tangaɗi, ta buɗe fukafukai ta kife a kansu. Waɗanda suka yunƙura suka tashi ba su wuce tsawon tsamiya ba suka faɗo. Lokacin da masallaci ya ce amin, filin ya yi tsit, ba abin da ke motsi sai gashin wuyansu da iska ke kaɗawa.

Ya zaro wuƙar da yake yanke ganyen albasa da ita, ya yi aikinsa. Ya jera kawunan a gindin kwando, ya rufe da tumatir, kwandon ya bi mota zuwa kudu.

Me ya hana hannunsa rawa? Ina ya ajiye labarin gonar dawa? Ya ce wa ransa ai tsuntsu ne mai cin mushe, ba na kowa ba, ba wanda zai yi cigiyarsa. Haka zunubi yake, sai ya fara nemo wa mutum hujja kafin ya miƙa masa wuƙa.

Juma'a ta bi Juma'a. Da na ƙauyensu suka ƙare, ya shiga bin bayan mahautun garuruwan maƙwabta, har wajen Madobi. Ya sauya babur. Ya yi wa ɗakin Hajara sabon rufin kwano. A majalisa aka fara ce masa feshi ya yi albarka, shi kuma ya ce alhamdu lillahi, bakinsa bai yi nauyi ba.

Amma gari ya soma sauyawa. Mushen da a da ba ya kai la'asar, yanzu sai ya yi mako yana kumburi a bakin hanya. Bayan mahauta ya zama wurin da ake wucewa da hannu a hanci. Karnukan da ba a san masu su ba suka yawaita, suka yi ƙiba, suka daina gudu in an ɗaga musu dutse. Sama kuwa ta zama wata iri. Mutum zai ɗaga kai da tsakar rana ya ga shuɗi kawai daga wannan gefe zuwa wancan, ya ji gabansa ya faɗi bai san dalili ba.

Malam Sammani bai fasa zaman tabarmarsa ba. Zai zauna har a kira magariba yana kallon rimi, sannan ya juyo ya ce, "Yau ma baƙin ba su zo ba. Ko mun yi musu laifi ne?"

Ɗansa yakan ce, "Baba, tashi ka yi alwala."

Ana cikin haka Ɗanbaba ya aiko masa cewa yanzu masu rai ake nema, sun fi kai daraja nesa ba kusa ba. Mai feshi ya yi kwanaki yana yawo kafin ya dace da wasu 'yan kaɗan a wani daji. A cikin waɗanda suka ci gubarsa uku ba su mutu ba. Ya ɗura musu manja suka amayar, ya zuba su a buhu ya kai rumbun albasarsa, domin warin albasa yana danne kowane wari. Don kada su tsere, ya sa wuƙar nan ya datse musu dogayen gashin fukafukai har gindi.

Bai kai ga miƙa su ba aka kama Ɗanbaba. Ma'aikatan kula da namun daji sun kafa shingen bincike a hanyar Zariya, suna tsayar da motocin kayan gwari suna zura hannu har gindin kwando. A ƙarƙashin tumatir ɗinsa suka tarar da abin da suka tarar. Kwana biyu bayan haka wata a-kori-kura ta shigo ƙauyen da mutum biyar cikin koren kaki. Shugabansu wani matashi ne siriri mai suna Zaharaddini, da madubin hangen nesa rataye a wuyansa.

Dagaci ya tara jama'a a ƙofar gidansa. Sarkin Fawa, tsoho mai barkwanci, ya dubi baƙin ya ce, "Yallaɓai, ashe ungulu ma ta samu 'yan sanda? Mu da ɓarayi suka kwashe mana injin ban-ruwa har yau ko mai gadi ba mu gani ba."

Aka yi dariya, har da Zaharaddini. Ya ce, "Baba, da gaskiyarka. Amma in tambaye ka, wa ke share maka bayan mahauta yanzu?"

Sarkin Fawa ya sosa gemu. "Karnuka," in ji shi. "Su kuwa ba sa gamawa."

Zaharaddini ya ce tun safe yake kan tudun kanal da madubinsa, ko ɗaya bai gani ba, a garin da aka ce masa rimi guda yana ɗaukar hamsin. Ya ce doka ta hana kashe su da sayar da su, kuma wanda suka kama ya ce daga wannan yanki ake kawo masa, sai dai ya rantse bai san sunan mai kawowa ba. Za su zauna a garin har sai sun gano. Sannan ya sassauta murya ya ce, "In akwai wanda ke da mai rai a hannunsa, ya kawo da kansa. Za mu karɓa mu yi mata magani, shi kuma mu shaida cewa shi ya kawo. Wanda muka kama da hannunmu kuwa, sai dai kotu."

Mai feshi yana cikin taron, a sahun gaba, yana gyaɗa kai tare da kowa.

Ga ƙofa an buɗe masa, ya 'yan uwa, a gaban dagaci da shaidu. Me ya fi wannan sauƙi? Amma ya ce a ransa guguwa ce, za ta wuce, wani Ɗanbaban zai zo. Ya bar tsuntsayen a rumbu, yana satar jiki yana kai musu kayan ciki da yake saye a wani gari.

Ranar Laraba da safe, ana tsakiyar bazara, irin zafin da ƙarfen tankin feshi ke ƙona bayan mutum, Hajara ta kai wa Malam Sammani koko ta tarar da ɗaki wayam. Takalmansa ba sa nan, sandarsa ba ta nan. Sai a lokacin ta tuna cewa bayan asuba ta ji yana magana shi kaɗai a tsakar gida, yana cewa tunda baƙi sun ƙi zuwa, shi zai je ya ba su haƙuri.

Kanal aka fara tsoro. Manoma suka yarda aka rufe ƙofar ruwa yini guda, alhali shinkafa na kan ɗaukar ciki, saboda tsohon da ya yi shekara talatin yana shayar da gonakinsu. Ruwa ya janye, matasa suka bi laka har gada ta uku. Ba shi a ciki. To in ba ya ruwa yana cikin amfanin gona, ga masarar rani ta fi mutum tsawo, ga rake, fili guda iya ganin ido.

Sarkin Fawa ya hau tudun kanal, ya kare idonsa da tafin hannu, ya ɗaga kai. Dattawan da ke wurin duk suka ɗaga tare da shi, jiki ya riga tunani. Suka daɗe a haka. Babu komai a sama, ko ɗigo.

Sarkin Fawa ya sauke hannu ya ce, "Da a da ne, da yanzu mun san inda Sammani yake."

Dagaci ya raba mutane ƙungiya-ƙungiya. Zaharaddini ya ajiye binciken da ya kawo shi, ya ce shi da mutanensa a ba su nasu ɓangaren. Da aka zo kan gefen gabas, inda gonar mai feshi take, sai ya yi saurin cewa, "Wannan ku bar mini. Tun safe na taka shi taku-taku, ba komai."

Zaharaddini ya ce, "Ido biyu ya fi ɗaya, Malam. Mu biyo ka mu sake dubawa."

"Yallaɓai, kada ku ɓata ƙafa a inda aka riga aka duba. Ku yi yamma, can ne tsohuwar ƙofar ruwansa take."

Maganar ta yi ma'ana, kuma ɗan mutum ne ya faɗa. Wa zai yi musu da shi? Jama'a suka yi yamma.

Bai duba ba. Abin da ya yi da safen nan shi ne ya je ya ƙara wa ƙofar rumbu kara. Yana son mahaifinsa, kada ku ce ba ya sonsa. Shi ya fi kowa gudu a cikin masara, shi ya fi kowa ƙwala kira har muryarsa ta dishe. Amma duk inda nema ya karkata gabas, sai ya san yadda ya juya shi. Shi kansa in ya je rumbun, a gurguje yake shiga ya fito, ba ya ko kashe babur.

A nan ya ga wani abu da ya ta da masa tsigar jiki. Tsuntsayen sun daina cin abinci. Naman da ya zuba musu jiya yana nan ƙuda na binsa. Su ukun sun taru a jikin bango guda, sun jeru kafaɗa da kafaɗa, sun cusa baki a tsakanin kara, suna kallon waje. Ya kore su da ƙafa, suka watse, kafin ya juya sun koma. Ya ce a ransa zafi ne, iska suke nema.

Ranar Alhamis da azahar ya shigo gida shan ruwa. Hajara ta miƙa masa moɗa, ba ta saki ba.

Ta ce, "Maigida, ni nake wanke maka kaya. Na san gashin kaza, na san na zabo. Wanda nake cirewa a aljihunka ba nasu ba ne."

Ya ce, "Sakar mini moɗa."

"In akwai masu rai, ka sake su su tashi. Baba ya kwana a waje, yau ga rana ta biyu. Tsoho ne, ko ruwa bai ɗauka ba."

"Kin san abin da kike faɗa? Mutanen nan da madubi suke yawo. Suna ganin ta tashi daga gonata, shi ke nan, sai gidan yari. Wa zai riƙe ku?"

"Allah zai riƙe mu. Shi Baba wa ke riƙe da shi yanzu?"

Ya ce gobe. Ya ce in ba a gan shi yau ba, gobe Juma'a gonaki za su zama babu kowa, zai sake su ba wanda ya gani. Hajara ta saki moɗar. Ta ce, "Har yanzu Juma'a kake jira." Ta shige ɗaki.

Alhamis ta wuce ba labari. Juma'a da hantsi aka sake fita, aka dawo jiki a mace. Liman ya ce a zo masallaci a yi wa Malam Sammani addu'a. Gari ya tafi, har da Zaharaddini da mutanensa. Gonaki suka yi tsit, irin tsit ɗin da mutumin nan ya fi kowa sani.

Ya je rumbu, ya kashe babur. Ya kwance ƙofa ya wangale ta, ya ce, "Ku fita. Don Allah ku fita."

Suka fito cikin rana suna ƙifta ido. Ta farko ta buɗe fukafukai, ta yi gudu, ta yi tsalle, ta faɗi da ƙirji. Ta biyu ma haka. Sai a lokacin ya tuna da wuƙarsa. Kwana uku yana ta lissafin ranar da zai sake su, bai taɓa tsayawa ya tuna cewa shi da kansa ya yanke abin da za su tashi da shi ba. Ya sunkuci ɗaya da hannu biyu ya cilla ta sama da duk ƙarfinsa. Ta yi faɗi-tashi a iska ta dawo ƙasa tim. Ya sake cillawa, ta sake dawowa. Ya durƙusa a cikin turɓaya yana kuka yana roƙon tsuntsu gafara.

Ita kuwa ta miƙe, ta kakkaɓe jikinta. Ba ta dube shi ba. Ta juya ta kewaya bayan rumbu da ƙafa, irin tafiyar ungulu mai ɗingishi, sauran biyun suka bi ta a jere. Suka nufi gonar rake, daidai saitin bangon da suka yi kwana uku suna cusa baki a jikinsa.

Ya tashi ya bi su. Daga nesa lasifika na kawo huɗuba. Ganyen rake na yankar fuskarsa, su kuma suna gaba, ba sa sauri ba sa tsayawa. Bai yi taku arba'in ba suka tsaya a bakin wani tsohon ramin magudanar ruwa da ciyawa ta rufe.

Malam Sammani yana ciki, a jingine, ƙafarsa ɗaya a karye, sandarsa a kan cinya. Kewaye da shi tuƙar rake ce da ya tauna ya zubar, tuli guda, duk karan da hannunsa ya iya kaiwa ya karyo ya sha. Ta ƙasa ta bushe ƙayau. Ta sama da sauran danshi. Ɗansa ya dira ramin ya taɓa wuyansa, ya ji jikin bai gama sanyi ba.

Taku arba'in, ya 'yan uwa. Tsoho ya yi kwana biyu da yini a nan, yana jin ƙarar babur ɗin ɗansa na zuwa yana tafiya. Wa ya san sau nawa ya kira? Wa ya san abin da ya ce?

Da aka sauko daga masallaci, masu wucewa suka jiyo wani sauti daga cikin rake wanda ba su iya cewa na mutum ne ko na dabba ba. Suka kira jama'a. Aka same shi zaune a ramin, kan mahaifinsa a cinyarsa. A bakin ramin ungulaye uku na tsaye, fukafukai a gundule, kwana uku ba su ci komai ba, amma ba wadda ta matso. Mutane suka yi cirko-cirko. Sarkin Fawa, mai bakin da ba ya rasa magana, ya cire hularsa ya riƙe kawai.

Mai feshi ya ɗaga kai ya ga koren kaki. Ya miƙa hannayensa biyu a haɗe ya ce, "Yallaɓai, ni ne. Ni kuke nema."

Zaharaddini ya dubi tsuntsayen, ya dubi gawar. Ya ce, "Sauke hannunka. Je ka yi wa mahaifinka sutura tukuna. Muna nan."

Bayan an dawo daga maƙabarta ya shiga motarsu da ƙafarsa. A kotu bai wahalar da kowa ba, ya faɗi duk filin da ya taɓa zuba guba, ya kai su ramukan da ya binne gangar jikin, aka tono ƙasusuwa har aka gaji da tonowa. Alƙali ya yanke masa abin da doka ta tanada. Wanda ya ziyarce shi ya ce mini ba ya ƙorafin ɗauri. In an fito da su tsakar gidan yari shan iska, sai ya tsaya wuri guda ya ɗaga kai sama har a ce a koma. Rake kuwa, ko ganinsa ya yi a hannun wani sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Tsuntsayen uku ma'aikata suka tafi da su, suka yi jinyarsu har gashi ya sake tsirowa, suka sake su. An ce sun tashi sun yi jewa sau ɗaya a kan kanal, suka miƙe arewa. Rimin yana nan. Ku je ku gani bayan la'asar, babu ko ɗaya a kansa.

Ya 'yan uwa, Allah bai halicci komai don wasa ba. Tsuntsun da kake toshe hanci in ka gan shi, aiki aka ba shi, kuma yana yin nasa fiye da yadda da yawanmu ke yin namu. Malamanmu sun karantar da mu cewa an azabtar da mace saboda kyanwa guda da ta kulle. To ina ga wanda ya share wata al'umma ɗungum daga sama, don a kai kawunansu ga masu da'awar sanin gobe? Wanda ya sayar da su don a ga gobe, shi bai ga abin da ke bayan rumbunsa ba.

Kuma kada wani ya fita daga nan yana cewa ai shi ba ya kashe ungulu. Wanda ya sayar da guba yana sane da inda za ta, da direban da ya ji wari a kwando ya kau da kai, da mai zuwa wurin boka neman sa'a, duk hannunsu na kan wuƙar nan. Hukuma in ta hana abu irin wannan, ku taimaka mata. In kun ga koren kaki a kan hanya suna zura hannu a kwandonku, ku yi haƙuri da ɓacin tumatir biyu. In kuma akwai wanda ke zaune a cikinmu yanzu yana da abin da ya kulle a wani rumbu, ko wane irin rumbu ne, to ya tuna cewa an yi wa mutumin nan tayin tuba a ƙofar dagaci ya ce guguwa ce, matarsa ta roƙe shi ya ce gobe. Goben ta zo, ta same shi da jinkirin sa'a guda ko biyu.

Ya Allah, kada ka bar mu mu yanke da hannunmu abin da za ka cece mu da shi. Ka jiƙan Malam Sammani, ka karɓi tuban ɗansa, ka raya 'ya'yansa a kan abin da ya fi na ubansu. Ka ba mu ikon buɗe ƙofa tun ranar Laraba.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu daga sharrin abin da muke ɓoyewa. Amin.